Injin Turbo Da Maras Turbo: Ina Aka Dosa?

Duk wanda ya taɓa bin tirelar shanu daga Kontagora zuwa Legas, kamar yadda muke rako daga Kumbashi, ya san fiton da inji ke yi a kan hawa. Turbo ke nan. Hayaƙin da injin ya fitar ke juya wata 'yar fanka, ita kuma ta cusa masa ƙarin iska, sai ƙaramin inji ya yi ƙarfin babba.

Maras turbo kuwa da kansa yake zuƙar iska, kana ba shi wuta yana amsawa. Shi ya sa masu tsere ke son Porsche 911 GT3, mai juyi 9,000 a minti ba turbo. Amma neman rage shan mai da hayaƙi ya sa Formula 1 ta koma turbo tun 2014. A ganina irin su GT3 za su zama sai mai hannu da shuni.

To me ya shafe mu? Tokumbo mana! Honda Accord ta 2018 mai lita 1.5 turbo ce. In ka saya, kar ka yi wasa da juyen baƙin mai, ka kuma bar injin ya ɗan huce kafin ka kashe bayan doguwar tafiya. Gyaran turbo ba wasa ba ne.