Zaɓen farfelar injin jirgin ruwa

Masunta da masu fito na Gaya, Yamai, Tilaberi da Ayoru, yau bayaninmu a kan farfela ne, wato ƙarfen nan mai kunnuwa uku da ke juyawa cikin ruwa a gindin inji. Sau da yawa mutum zai kashe kuɗi mai yawa wajen sayen inji, amma ya bar farfelar da ya taras a jikinsa ba tare da ya duba ta ba. In jirgi ya ƙi gudu sai ya zargi inji ko ya zargi bakanike. Alhali kuwa laifin na iya kasancewa can ƙarƙashin ruwa.

A jikin kowace farfela akwai lambobi biyu, kamar haka: 11 1/8 x 13. Ta farko faɗin farfela ce. Ta biyu ita ce muke kira taku, wato nisan da farfela za ta ci gaba a juyi ɗaya in da ruwa bai zame mata ba. Da inci ake auna su duka, inci ɗaya kuwa santimita biyu da rabi ne da ɗan kai. Ke nan taku 13 ya kai santimita 33, taku 11 kuma santimita 28.

Wani zai ce, to, ai mai dogon taku ta fi gudu. A nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa. Mu dubi jaki. In ba shi da kaya a kan fako, yana buɗe ƙafa ya yi sauri. In aka labta masa buhunan hatsi cikin rairayi, dole ya gajarta taku, in ba haka ba ya durƙushe. Haka inji yake. Jirgin katako mai tsawo da ya ɗauko shinkafa, albasa da mutane zuwa kasuwar Ayoru ran Lahadi ba ya buƙatar farfela irin ta ƙaramin kwalekwale mai mutum uku. Mai nauyi yana son gajeren taku, marar nauyi yana son dogo.

Masu ƙera inji sun ƙayyade yawan juyin da ya kamata ya yi in an buɗe masa wuta duka. Ga injin Yamaha Enduro mai doki 40, wanda ya yawaita a kogin Isa, juyi 4500 ne zuwa 5500 a minti ɗaya. In taku ya yi tsawo, inji ba ya kai wannan adadi. Za a ji muryarsa ta yi nauyi kamar yana nishi, yana shan esansi da yawa, yana zafi, kuma yana tsufa da wuri. In taku ya gajarta fiye da kima, sai a ji yana kururuwa, jirgi kuwa ba ya tafiya daidai da ƙarar. Rage inci ɗaya na taku yana ƙara wa inji juyi wajen 200 a minti. Don haka injin da ya tsaya a 4200 da taku 13, in aka sa masa mai taku 11, zai hau wajen 4600, ya shiga inda ake so.

Mafi yawan jiragenmu ba su da agogon ƙirga juyi. Amma akwai dabara. A zaɓi alamu biyu a bakin kogi, misali itace da mashaya. A ɗora kayan da aka saba ɗauka, a auna lokacin zuwa da na dawowa, tun da yake ruwa na taimakon mai gangara yana hana mai hawa. A rubuta a takarda, a canza farfela, a sake. A kuma duba esansin da aka ƙona. Gwaji da jirgi wofi yaudarar kai ne.

Sai dai mu faɗi gaskiya: dogon jirgi mai nauyi yana da iyakar gudunsa. In ya kai nan, ƙarin wuta ba ya ƙara komai sai igiyar ruwa a baya da ɓarnar mai. A ganinmu ribar farfela mai dacewa ta fi fitowa a kuɗin esansi da daɗewar inji, da kuma ƙarfin hawan ruwa a Disamba da Janairu, lokacin da kogi ya cika. Ranar da za a ƙetare da mace mai naƙuda zuwa likita da dare, wannan ƙarfi ake nema.

Game da ƙarfen da aka yi ta da shi, akwai ta alminiyam, akwai ta farin ƙarfe marar tsatsa. Ta biyun ta fi ƙwari da tsada. Amma a watannin Mayu da Yuni ruwa na janyewa ƙwarai (manya ba su manta da 1985 ba, shekarar da kogi ya tsaya a Yamai), duwatsu da tudun yashi su matso kusa. In ta alminiyam ta bugi dutse, kunnenta ne ke lanƙwashewa. Ta farin ƙarfe kuwa takan miƙa bugun zuwa sanda da haƙoran giya, gyaran da ya ninka kuɗin farfela. Mu dai ta alminiyam muke ba da shawara, a kuma ajiye ta biyu cikin jirgi tare da goronta da fil ɗinta.

Kunnen da ya lanƙwashe ko ya gutsure yana sa inji karkarwa, kada a jure masa. A riƙa kwance farfela lokaci-lokaci, bayan an kashe inji, a cire zaren taru da ciyawar da suka naɗe a sanda. Zaren nan yana yanka robar da ke tsare man giya. In aka ga man ya koma fari kamar madara, ruwa ya riga ya shiga, sai a kai wa bakanike kafin a sake tayar da inji.