Ranar da dusar ƙanƙara ta gardame wa masu duba yanayi a Paris

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa shanya barkono ko albasa a fili, ya ga hadari ya taso ba sallama, ya san zafin abin da za mu ba da labari. Ashe ba mu kaɗai sama take yi wa haka ba. Har Faransa, mai taurarin ɗan adam da manyan na'urori, ta taɓa ganin ta kanta.

Ranar Laraba 8 ga watan Disamba 2010, da rana tsaka, dusar ƙanƙara ta sauko wa birnin Paris. Kada mai karatu ya ɗauka ƙanƙarar nan ce mai kama da tsakuwa da ke faɗo mana da damina. Dusa fara ce fat, laushi gare ta kamar shiɓar auduga, ba ta ƙara in tana sauka. Cikin ƴan awoyi ta taru har santimita 11, abin da birnin bai gani ba tun 1987. Motocin bus suka tsaya, aka rufe hasumiyar Eifel, jirage suka dakata a babban filin jirgin sama. Dubban mutane suka kwana cikin motocinsu ko wuraren aikinsu, wasu a kan hanyar da ake kira N118.

Washegari faraminista na lokacin, François Fillon, ya ɗora laifin kan Météo-France, ma'aikatar duba yanayi ta ƙasar, wai ba ta hango ƙarfin abin ba. Ita kuwa ta ce tun ana gobe ta yi gargaɗi da launin ruwan goro. Tun 2001 Faransa ke faɗakar da jama'a da launi huɗu: kore, ɗorawa, ruwan goro da ja, kowane ya fi na bayansa tsanani.

To mi ya sa dusa ke da wuyar hange? Dalilin a ma'auni yake. Idan sanyi ya tsaya kusa da sifiri, bambancin digiri ɗaya tak ya isa ya mai da ruwan sama dusa. Ruwa milimita 10, wanda yayyafi ne mai ɗan ƙarfi a wurinmu, idan ya sauko a dusa sai ya kai wajen santimita 10 a kan titi. Ga shi tsakiyar birni ya fi karkara ɗumi, sai unguwa ta jiƙe da ruwa, ƙauyen da ke kusa ya yi fari. Mai duba yanayi na iya dacewa da ranar, ya dace da gajimaren, amma ya kuskure da digiri ɗaya, gari ya tsaya cik.

Ƴan kasuwa ne ke fara jin jiki. A kudancin Paris akwai kasuwar Runjis, wadda aka buɗe a 1969, uwar kasuwannin ɗanyen kaya: kifi, nama, ganye, ƴaƴan itace. Manyan motoci ke cika ta cikin dare. Idan dusa ta rufe hanya, hukuma takan hana manyan motoci tafiya, kamar yadda aka yi a watan Fabrairu 2018. Kayan gwari kuwa ba su san jira ba. Mai ɗauko tumatir daga garake zuwa Yamai ya san abin da kwana ɗaya a hanya ke ci daga uwar kuɗi.

Amma abin da ya sa wani kuka shi ke sa wani dariya. A wancan Fabrairu na 2018, da yammacin Talata 6 ga wata, cunkoson motoci a yankin Paris ya zarce kilomita 700. Da gari ya waye an samu dusa santimita 12. Sai ga samari sun haye tudun Monmartir, sun ɗaura allunan sululu a ƙafa, suna gangarowa gaban babbar majami'ar da ke bisa tudun. Yara na dunƙula dusa suna jifar juna, manya na ɗaukar hoto. Ƙasan tudun nan ne unguwar Shato Ruj take, inda ƴan Afirka ke cinikin doya, kuɓewa da busasshen kifi. Wanda ya tashi cikin zafin watan Afrilu, ranar da ya fara damƙar dusa da hannunsa ba ya manta ta.

Mu ma nan muna da masu wannan aiki. A Yamai akwai ma'aikatar duba yanayi ta ƙasa, akwai cibiyar AGRHYMET da aka kafa a 1974, kuma kowace shekara kafin damina ana ba da hasashe. Idan suka ce ana sa ran ruwa ya yi yawa, rinjaye suke nufi, ba alkawari suka ɗauka ba. Haka ɗan kasuwa ke yi in ya sari wake da kaka yana kyautata zaton zai yi tsada: wata shekara ya ci riba, wata shekara ya koma gida da uwar kuɗi da ƙyar, amma ba ya daina lissafi.

Saboda haka, ƴan uwa, in rediyo ya ce akwai hadari, a ɗaga buhuna bisa katako, a tanadi tamfol kusa. In ruwan bai zo ba, asarar ba ta wuce gumin naɗe tamfol ba. In kuwa ya zo ya tarar da gero a ƙasa, babu faraministan da zai biya.