Abincin Shekara Arba'in, Hankalin Shekara Saba'in

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, noman rani ya sauya rayuwa a Kura da Bunkure da Kadawa. Shinkafa da alkama da tumatir da albasa sun wadata. Sai dai cimar gida ma ta sauya. Tuwon dawa da furar gero suna ja da baya, farar shinkafa da taliya da lemon kwalba da tulin dunƙule suna cin kasuwa, kayan lambu kuwa ana loda mafi kyawunsu a mota zuwa Legas.

Wannan sauyi ya shafi abin da muke kira gigin tsufa: dattijo ya manta sunan jikansa, ko ya ɓata a hanyar masallaci. Mutane kan ce tsufa ne kawai, wasu ma su ce sammu ne. Likitoci kuwa sun gano cewa ciwo ne na ƙwaƙwalwa, kuma yakan fara ginuwa shekaru da dama kafin ya bayyana.

A 2024, kwamitin masana na mujallar likitanci ta Lancet ya lissafa abubuwa 14 da za a iya magancewa, waɗanda ke da hannu a kusan kashi 45 cikin ɗari na masu wannan ciwo. Daga ciki akwai hawan jini, ciwon sukari, ƙiba da yawan kitse a jini, duk kuwa suna da alaƙa da abin da ke cikin kwano. A Najeriya ma an yi nazari: binciken da aka wallafa a 2001 ya nuna tsofaffin Ibadan ba su kamuwa da ciwon kamar baƙaƙen fatar Indiyanafolis a Amurka, inda cututtukan jijiyoyin jini suka fi yawa.

Manomin rani zai fahimci dalili. Ƙananan jijiyoyin jini ne ke shayar da ƙwaƙwalwa, kamar yadda magudana ke shayar da fadama. In ta toshe, ƙarshen gona ne ke fara bushewa. Gishiri da sukari da maiƙo masu yawa suna lalata jijiyoyin nan sannu a hankali, ba tare da mutum ya ji ciwo ba.

Babu wani abinci guda da ke hana gigin tsufa, amma tsarin cima na shekara da shekaru yana tasiri. A haɗa shinkafa da wake. A dawo da gero da dawa. Kwaɗon zogale da na rama, miyar kuka, kifi da gyaɗa su yawaita. Daddawa ta rage wa dunƙule aiki, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin yini kada ya kai giram 5, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya.

Duk wanda ya kai arba'in, namiji ko mace, ya riƙa zuwa asibiti ana auna jininsa da sukarinsa, ko da yana jin garau. Hawan jini ba ya sallama kafin ya yi ɓarna.