Sayen Gidan Farko a Tambuwal da Kebbe: Tambayi Asalin Gida Kafin Ka Tambayi Kuɗinsa

A watan Afrilun 2024 gwamnatin Jihar Sakkwato ta sauke iyayen ƙasa 15 a lokaci guda. Ta ce ana zargin wasu da laifuffuka da suka haɗa da badaƙalar filaye, wasu kuma ta ce ba a bi ƙa'ida ba wajen naɗa su a ƙarshen gwamnatin da ta gabata. Kujerun Kebbe da Dogon Daji da Tambuwal suna cikin waɗanda guguwar ta taɓa. Tantance gaskiyar zarge-zargen aikin kotu ne. Abin da ya shafi talaka shi ne tambayar da ta biyo baya a majalisu da rumfunan kasuwa: wanda ya sayi gida ko fili da hatimin basaraken da aka sauke, takardarsa ta mutu ke nan?

Ba ta mutu ba. Cinikin da ya cika sharuɗɗansa ba ya rushewa don rawani ya koma wani kai. Sai dai tambayar ta fito da wata gurguwar fahimta da ta daɗe tana cinye dukiyar mutane, musamman matasan da suka sha wahalar ci-rani ko malaman makarantar da suka yi shekaru suna adashi don su bar gidan haya. Da yawa sun ɗauka cewa da zarar mai unguwa ya sa hannu, hakimi ya sa, uban ƙasa ya buga hatimi, to gida ya zama nasu har abada. Wannan imani ne ya sa mutum zai yi mako yana taya gida, yana ja-in-ja da dillali a kan la'ada, amma ba zai yi yini ɗaya yana binciken yadda gidan ya zo hannun mai sayarwa ba.

Mutumin yankin nan ya san cinikin dabba. Idan ka sayi saniya a kara, aka ba ka rasit, dillali ya shaida, sannan bayan wata biyu Bafulatani ya zo da shaidunsa ya nuna alama ya ce tasa ce aka kora daga ruga, rasit ɗin nan ba zai riƙe maka saniya ba. Abin da ya tabbatar kawai shi ne ka biya kuɗi a rana kaza, a gaban wane da wane. Bai ce komai ba game da inda saniyar ta kwana kafin ta zo kasuwa. Shi ya sa mai hankali yake tambayar wa ya kawo ta, daga wane gari, wa ya san shi. Takardar cinikin gida haka take. Hatimin basarake shaida ce mai daraja cewa an yi ciniki a bainar jama'a, kuma sau da yawa mai unguwa ya fi kowa sanin iyakoki da tarihin unguwarsa. Amma hatimi ba ya ba mai sayarwa abin da tun asali bai mallaka ba.

Doka ma ba ta ɗora wannan nauyi a kan sarakuna ba. Tun ranar 29 ga Maris 1978, lokacin da gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta kafa Dokar Amfani da Ƙasa, duk ƙasar da ke cikin jiha tana hannun gwamna a matsayin amanar jama'a, kuma kundin tsarin mulki na 1999 ya riƙe dokar. Abin da kake saye shi ne ginin da haƙƙin zama a wurin. Inda gwamna ya ayyana a matsayin birni, shi ke ba da wannan haƙƙi, yawanci na shekara 99, da takardar da aka fi sani da C of O. Inda ba birni ba, ƙaramar hukuma ke bayarwa. Sashe na 22 ya ce ba a sayar da haƙƙin da ke ƙarƙashin gwamna sai da yardarsa, sashe na 21 ya nemi amincewar ƙaramar hukuma a kan nata, sashe na 26 kuma ya ce cinikin da ya saɓa wa dokar ba shi da inganci. A shari'ar Savannah Bank da Ajilo ta 1989, Kotun Ƙoli ta rushe jinginar gida da aka yi wa banki saboda ba a nemi yardar gwamna ba. Don haka tambaya ta farko a ofishin filaye na sakatariyar Tambuwal ko ta Kebbe ita ce: wurin nan a ƙarƙashin wa yake? Idan na gwamna ne, sai a nufi Ma'aikatar Filaye da hukumar bayanan filaye ta SOGIS a Sakkwato a duba fayil, a ga sunan wa ke ciki, kuma ko an ajiye takardar a banki an ci bashi.

Ita kanta C of O kada a mai da ita laya. A shari'ar Ogunleye da Oni ta 1990, Kotun Ƙoli ta nuna cewa wanda ya karɓi takardar a kan filin da wani ya fi shi haƙƙi, takarda kawai ya riƙe. Ko ta ina aka bi, zancen yana komawa ga asali.

A garuruwanmu kuwa asalin yawancin gidajen cikin gari gado ne, kuma nan ne ramin da ya fi zurfi. A ɗauki magidancin da ya rasu bayan iyayensa, ya bar mata biyu, 'ya'ya maza uku da mata huɗu. Matan biyu za su raba tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas. Sauran za a kasa shi goma, kowane namiji ya ɗauki biyu, kowace mace ɗaya. Babban ɗa, wanda makulli ke hannunsa, wanda unguwa ke kiran gidan da sunansa, rabonsa bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba. Idan ya zo shi kaɗai ya ce "na sallama", abin da yake da ikon sallamawa ke nan. Sauran gidan na ƙannensa ne da matan ubansa, har da ƙanwar da ke aure a Jega ko Gummi, da ƙanen da ke Legas yana neman abinci.

A mazhabar Malikiyya, wadda kotunan shari'a na jihar nan ke hukunci da ita, wanda ya sayar da kayan wani ba da izini ba, cinikin yana rataye ne a kan yardar mai kaya. In ƙanwar ta amince, ya tabbata. In ta ƙi, rabonta yana nan. Akwai kuma shuf'a: idan ɗaya daga cikin masu tarayya a gidan da ba a raba ba ya sayar da kasonsa ga bare, abokin tarayyarsa yana da damar biyan kuɗin da baren ya biya ya karɓe kason. Wanda yake gari, ya sani, ya yi shiru har kimanin shekara, damarsa ta wuce. Wanda ba ya nan kuwa tasa tana jiran dawowarsa, ko da ya daɗe. Ka yi tunanin ka fasa bango, ka zuba siminti, ka tare da amarya, sai ga sammaci.

Kada kuma a ruɗe ka da "ai na fi shekara 20 a gidan nan, ba wanda ya taɓa magana". Gaskiya ne hauzi, wato daɗewar abu a hannun mai riƙe da shi, hujja ce: baren da ya riƙe gida shekara 10 yana aikin mai gida, mai haƙƙi yana gani bai tanka ba ba tare da uzuri ba, da'awarsa ta raunana. Amma tsakanin 'yan uwa wa'adin ya fi haka tsawo ƙwarai, domin kara da kunya ke hana magana. Sannan hauzi ba ya aiki a kan aro ko haya ko jingina. Gidaje da gonaki nawa ne aka jinginar a shekarar yunwa, masu su suka rasu, jikoki suka taso suna ɗauka nasu ne?

Maganin wannan ba shi da tsada. Ka nemi takardar rabon gado daga kotu. In ba a raba ba, ka ce a raba tukuna, ko kuma kowane magaji ya sa hannu da kansa ko ta wakilin da ya naɗa a gaban shaidu. In akwai marayun da ba su balaga ba, kada ka biya ko sisi sai alƙali ya yarda da sayar da rabonsu. Kada ka gamsu da "ai mata sun yafe" daga bakin yayansu. Ka tura mahaifiyarka ko yayarka ta shiga cikin gida ta gaisa, ta ji daga bakinsu. Mata sun san tarihin gida fiye da maza: sun san ɗakin da aka ba wance sadaki, da wanda aka yi kyautarsa tun mai gida yana raye, da wanda har yanzu ake jin zafinsa. Mai sayarwa na gaskiya ba ya fushi da irin wannan bincike. Wanda ya ce maka akwai wani Alhaji da zai biya gobe da safe, ka bar wa Alhajin.

In asali ya tsarkaka, sai a duba ƙasa. Kasuwar gidaje ta fi ci bayan kaka, lokacin da kuɗin amfanin gona ke hannu, kuma lokacin ne kowane gida ke da kyau. Gidan da za ka saya ka gan shi a watan Agusta, bayan ruwa mai ƙarfi. Gulbin Zamfara, da ya taso ta Gummi ya ratsa ƙasar Kebbe ya nufi Jega, yana da fadamun da ke cika su batse, kuma a cikin gari akwai tsofaffin kududdufai da aka cike da shara aka yanka filaye. In ba za ka iya jiran damina ba, ka karanta bango: layin da ruwa ya bari, gindin katangar da ke ɓarɓashi, sabon fenti da aka shafa daga ƙasa zuwa gwiwa kawai. Ka tambayi maƙwabta ina ruwan unguwa ke bi, kuma indararon wa ke zuba a gidan wa, domin rigimar kwata ta raba zumunci da yawa. Ka zo da magininka, ba na mai gida ba, ya ƙwanƙwasa azara ya nemi gara, ya hau ya duba kwano, ya auna tazarar rijiya da masai. Ka nemi takardar wuta ta ƙarshe, kada ka gaji bashin kamfanin lantarki na Kaduna da wani ya tara.

Gidan bakin titi yana jan ido, musamman a kan babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta ratsa Tambuwal zuwa Jega. Hanyar ta gwamnatin tarayya ce, kuma haraminta mita 45.72 ne daga tsakiyar kwalta ta kowane gefe. Abin da aka gina a ciki yana jiran ranar da za a faɗaɗa hanya. Haka nan burtali, da ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki, da gefen makabarta, da filin makaranta ko na idi. Sashe na 28 ya ba gwamna ikon karɓe wuri don amfanin jama'a, kuma diyyar da sashe na 29 ya tanada ta gini ce da shuka ga mai haƙƙi, ba ta kuɗin da ka zuba wajen sayen fili ba.

Ranar biya, a yi komai a rubuce. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu a ciniki ta sauka, don haka babu kunya a ciki. A rubuta iyakoki huɗu da sunayen maƙwabta, a auna tsawo da faɗi a gabansu, a faɗi kafin alƙalami nawa ne da makomarsa in ciniki ya warware, a yanka la'ada tun farko. A tura kuɗin ta banki zuwa asusun mai gidan, ba na dillali ba. Kuɗin lauya da zai tsara takarda kaɗan ne a kan kuɗin lauya da zai tsaya maka a kotu. Daga nan kada a jefa takarda a adaka a manta: a bi ta har a sauya suna a hukumance. Ma'aikacin da ake cire wa kashi 2.5 cikin 100 na albashinsa zuwa Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa a 1992, ya sani cewa da wuya wani banki, mai ruwa ko marar ruwa, ya saurari gidan da ba shi da takardar hukuma.

Ba laifin masu saye kaɗai ba ne. Rashin tsaro ya koro mutane daga ƙauyuka zuwa garuruwan da ke bakin hanya, buƙata ta ƙaru, kuma wanda ya gudo da iyali ba shi da natsuwar dogon bincike. Irin wannan mutum ya cancanci ya shiga sakatariyar ƙaramar hukumarsa ya sami rajistar da za a buɗe masa, da taswirar da ke nuna burtali da hanyar ruwa, da kuɗin aiki a rubuce a bango. Muddin neman takardar hukuma yana nufin zirga-zirga zuwa Sakkwato da jiran da ba a san ƙarshensa ba, jama'a za su ci gaba da tsayawa a inda ya fi kusa da su. Hukunta wanda aka samu da cin filaye daidai ne, amma abin da zai rage shari'o'in gida a kotunan Tambuwal da Kebbe shi ne a kawo rajista kusa da talaka, kuma malamai su riƙa matsa wa iyalai su raba gado da wuri, tun shaidu suna raye, a ba mata da marayu nasu a hannu.