Yadda Rumawa Suka Mayar da Abokan Gaba Sojojinsu

In ana zancen bunƙasar Daular Rum, takobi da horon soja ake fara ambata. Suna da su kam, amma ai mutanen Kartaj da Makidoniya ma suna da su. Abin da ya bambanta Rumawa shi ne yadda suke yi da gari bayan sun ci shi da yaƙi. A shekarar 338 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), da suka murƙushe tawayen garuruwan Latin, sai suka ba wasu cikakken 'yancin ɗan ƙasa, wasu kuma suka bar su da shugabanninsu da dokokinsu. Sharaɗin shi ne duk ranar da aka kaɗa gangar yaƙi su aiko da samarinsu, ganima kuwa a raba da su. Kowane gari da Rum yake ƙulla alkawari, ba da maƙwabcinsa ba. Ta haka kowace nasara take haifar da rundunar da za ta ciwo ta gaba.

An gwada ƙarfin wannan tsari da Hanibal, jagoran mayaƙan Kartaj, ya ƙetaro tsaunukan Alps zuwa Italiya. A shekarar 216 ya hallaka dubun-dubatar sojojin Rum cikin yini ɗaya a Kanai. Yakan saki fursunonin ƙawayen Rum ba tare da fansa ba, don su koma gida su juya mata baya. Birnin Kapuwa da garuruwan kudu da dama sun bi shi, amma tsakiyar Italiya ta tsaya kyam, Rum ta sake tara mayaƙa, har jagoransu Sipiyo ya karya Hanibal a Zama a 202.

Wani zai ce wannan wanke azzalumi ne, kuma yana da hujja. A 167 Rumawa sun bautar da mutum kusan 150,000 a yankin Epirus, a 146 suka rushe Kartaj da Korinti. Wannan ta'asa ce, babu kwana-kwana. Sai dai tsoro kaɗai ba ya riƙe ƙasa ɗaruruwan shekaru. Ko da ƙawayen Italiya suka yi tawaye a shekarar 91, akasarinsu 'yancin ɗan ƙasa suke nema, kuma suka samu. Ƙofar ta ci gaba da buɗewa, har a 193 miladiyya Septimiyus Seberus, haifaffen Leptis Magna da ke Libiya ta yau, ya hau gadon sarautar Rum, ɗansa Karakala kuma ya ba kusan duk 'yantattun mazauna daular 'yancin ɗan ƙasa a 212.