Buhu nawa rufin kankare yake ci?

Hausawa mazauna Ingila, Amurka da Saudiyya da ke aika kuɗi gida don yin gini, sukan sha jayayya da magina a kan adadin buhunan siminti. Shi kuwa lissafin ba boyayye ba ne.

Da farko akan ninka tsawo da faɗi da kauri. Rufin bene mai tsawon mita 10, faɗin mita 8 da kaurin santimita 15 zai ci kankare kubik mita 12. A haɗin da aka saba, wato kwano 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa, kowane kubik mita kan lashe buhu 6 da ɗan ɗoriya, mai nauyin kilo 50. Ke nan rufin na bukatar kimanin buhu 76, ban da ɗan abin da akan ƙara saboda zubewa.

To amma inda gizo ke saƙa shi ne kauri. Idan katakon da aka kafa ya lotsa, kauri ya ƙaru da santimita 2 kacal, buhu 10 sun tafi. A nan ne wasu magina, maimakon su nemi ƙarin kuɗi, sai su rage siminti su cika da yashi, alhali mai gida yana can wata uwa duniya.

A shekarar 2012 wani katafaren kanti ya rufta a unguwar Achimota da ke Accra, mutane suka rasu. Injiniyoyin Ghana sun ce kankaren ginin bai kai ƙarfin da ake bukata ba.