Ba a fafe gora ranar tafiya: takardun neman sauƙin magani a Nijar

Sau da yawa mukan ga uwa ta iso asibiti tsakar dare da yaro a goye, jikinsa zafi rau, a tambaye ta shekarunsa, ba ta da wata takarda da za ta nuna. Ga haƙƙi hukuma ta ba ta, amma babu shaida a hannu.

Mu tuna cewa a 2005 gwamnatin Nijar ta mayar da tiyatar haihuwa kyauta a asibitocinta. A 2006 aka ƙara da awon ciki da kuma maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5. A 2024 kuma aka rage rabin kuɗin ganin likita da na gwaje-gwaje a asibitocin gwamnati, haihuwa ta zama kyauta. Gaskiya ne wani lokaci magani kan yanke, a rubuta wa mutum ya je ya saya. Duk da haka, mai takarda ya fi marar ita samun sauƙi.

Ta farko ita ce takardar haihuwa. Dokar 2019 ta ba iyaye kwana 60 su sanar da haihuwa. Mu da muke yanka rago ran suna, me zai hana mu kai sunan ma'aikatar magajin gari a wannan makon? Wanda ya bari wa'adi ya wuce, sai ya bi ta kotu da shaidu kafin a ba shi madadinta, ga ɓata lokaci ga ɗawainiya.

Ta biyu ita ce katin awon ciki da na rigakafin yaro. Su ne tarihin lafiyar uwa da ɗa, kada a bar su ƙarƙashin tabarma.

Ta uku ita ce takardar shaidar rashin ƙarfi, wadda ake nema a ma'aikatar magajin gari, bayan an binciki halin da gidan yake ciki. Magidanci ya tafi da katinsa na ɗan ƙasa da takardun iyalinsa. A manyan asibitoci kuwa akwai ofishin jin ƙai, can ake gabatar da ita. Mun san kunya na hana wasu dattawa neman wannan takarda, har ciwo ya ci ƙarfinsu. Talauci ba abin kunya ba ne, kuma karɓar haƙƙi ba bara ba ce.

Mu duba rubutun suna da kyau, domin in ya saɓa tsakanin takarda da takarda, ana iya mayar da mutum gida. Mu yi fotokofin kowace, mu adana su cikin leda saboda damina da gara. Wanda ya yi karatu a cikinmu ya raka gwauruwa da tsoho da marayan unguwarsa, tun ana lafiya.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.